Babban Hutu: Tarihin Kalandar Lakwal da Abin da Take Yi wa Gidajenmu



Kowace shekara a nan Nijar, da watan Yuni ya ƙare sai a rufe lakwal, ba a sake buɗewa sai farkon Oktoba. Wata uku cur ke nan ga yaron da ba shi da jarrabawa. Shi ne muke ce wa babban hutu. In aka tambayi iyaye ra'ayinsu a kansa, amsa biyu ake samu masu karo da juna. Na birni ya ce hutun ya yi yawa, yara sun gallabi unguwa, abin da suka koya duk ya zube. Na ƙauye ya ce bai isa ba, ga wake ba a gama rora ba, ga gyaɗa a ƙasa, an ce yaro ya koma aji. Kowannensu gaskiya ya faɗa, don kowa da inda abin ke yi masa ciwo. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ya yanka wannan lokaci, yaushe, kuma don amfanin wa? A wannan fitowa za mu bi sawun maganar tun daga tushe.

Lissafin gona da lissafin allo

Kafin zuwan Nasara, gidan Bahaushe da lissafi biyu yake tafiya. Na farko lissafin gona: bazara, damana, kaka, rani. Wannan rana ce ke jan sa, ba ya gusawa. Manoma suna da nasu ƙidayar watanni, su kan ce a watan bakwai ake sa ran ruwan shuka. Malamai kuma suna da lissafin taurari 28, kowane tauraro kwana 13, da shi suke gaya wa mutane lokacin da ya dace a yi shuka da lokacin da ruwa ya kusa ɗaukewa. Na biyu lissafin wata, wato kalandar Hijira da aka tsara zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Shekararta kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kwana 11, shi ya sa azumi da salloli suke zagaya shekara, sai bayan kamar shekara 33 su dawo inda suka faro.

Makarantar allo a tsakanin waɗannan biyu ta gina zamanta. Hutun mako daga yammacin Laraba ne zuwa yammacin Juma'a. Malaman fiƙihu suna kawo labarin cewa asalinsa daga Sayyidina Umar ne, lokacin da ya dawo daga Sham yaran Madina suka fita tarbarsa suka gaji, ya ba su hutun waɗannan kwanaki, abin ya zama al'ada. Maganar hutun salla ma an daɗe da yin ta. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara. A ciki an kawo cewa hutun ƙaramar salla kwana ɗaya ne, babu laifi a kai shi uku, na babbar salla kwana uku, babu laifi a kai shi biyar, kuma malami ba ya sallamar yara yadda ya ga dama ba da yardar iyayensu ba. Kun ga ke nan fiye da shekara dubu da suka wuce malaman mazhabarmu sun ɗauki tsawon hutu a matsayin hakki tsakanin malami da iyaye, abin da ake zama a daidaita.

A ƙasashenmu an ƙara wani tsari da ya dace da noma. Da an gama kaka, rumbu ya cika, sai malami ya kwashi almajirai su tafi ci rani, su yi karatu safe da yamma da dare a bakin wuta. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai a juyo gida, ko a tsaya a noma gonar malam ana karatu da asuba da bayan magariba. Makarantun ilimi na zaure su kuma da Sha'aban ya yi nisa sai a rufe littattafai, a shiga tafsiri, a buɗe bayan salla. Babu wani ofishi da ya rubuta wannan, amma kowa ya san shi. Karatu bai taɓa tsayawa wata uku a jere ba, sai dai ya yi sauƙi da damana ya yi nauyi da rani.

Inda babban hutu ya samo asali

Kalandar lakwal ita ce lissafi na uku, kuma daga Faransa aka kawo ta. Can ma ba rana ɗaya ta zama yadda take ba. A shekarar 1231 Paparoma Gregory na 9 ya rubuta wa jami'ar Paris ƙa'idojin aiki, ciki har da cewa hutun lokacin zafi kada ya wuce wata ɗaya. A ƙarni na 19 hutun a makare yake zuwa, daga cikin watan Agusta zuwa farkon Oktoba. Dalili kuwa, a ƙasarsu ana girbin alkama a Yuli da Agusta, ana tsinkar inabi a Satumba har ya taɓa Oktoba, kuma a lokacin mafi yawan mutanen Faransa manoma ne masu bukatar hannun yara.

A 1881 da 1882 aka yi dokokin da ake dangantawa da ministan ilimi Jules Ferry. Lakwal ta gwamnati ta zama kyauta, karatu ya zama tilas ga yaro daga shekara 6 zuwa 13, aka kuma cire koyar da addini daga cikin aji. Abu biyu a dokar 1882 sun cancanci mu tsaya a kansu. Na ɗaya, an ware rana guda a mako ban da Lahadi, a rufe lakwal don iyayen da suke so su kai ƴaƴansu karatun addini a waje. Ranar Alhamis aka riƙa bayarwa, ranar da almajiranmu ma suke hutu, har sai a 1972 aka mayar da ita Laraba. Na biyu, dokar ta yarda a ba yaro izinin rashin zuwa har wata uku a shekara ban da hutu, in iyayensa sun nema da dalili. Wato su kansu masu dokar sun san manomi ba zai saki ɗansa lokacin aiki ba, sai suka bar masa ƙofa.

Bayan yaƙin duniya na farko, wanda ya cinye wa Faransa sojoji sama da miliyan ɗaya, gonaki suka rasa maza, a 1922 aka ƙara tsawon hutun. A 1936 ma'aikata suka samu hakkin hutun mako biyu da albashi. Daga nan hutu ya fara canza ma'ana, ya zama lokacin da iyali za su tafi bakin teku ko su hau duwatsu shan iska. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin minista Jean Zay, aka daidaita hutun ƙananan makarantu da manya, daga 15 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba. Wajen 1960, da injuna suka karɓe aikin gona, aka jawo hutun baya, aka fara komawa aji a Satumba. Yau a Faransa mako takwas ake yi, daga farkon Yuli zuwa farkon Satumba, dokarsu kuma ta ce shekarar karatu kada ta gaza mako 36.

A Amurka labarin ya sha bamban, kuma yana gyara wani kuskure da ake yawan yi, na cewa ko'ina don noma aka yi dogon hutu. A ƙauyukansu na ƙarni na 19, da sanyi da kuma tsakiyar zafi ake karatu, a rufe lokacin shuka da lokacin girbi. A manyan birane kuwa kusan shekara duka ake buɗe, a 1842 makarantun New York kwana 248 suka yi. Daga baya aka haɗa tsarin biyu. Zafin birni, da tafiyar masu hali zuwa wuraren shan iska, da tsoron da likitocin lokacin suke yi cewa yawan karatu yana raunana yaro, su suka haifar da dogon hutu, aka tsaya a kan kamar kwana 180 a shekara. Kowace ƙasa dai yanayinta da tattalin arzikinta da bukatar masu faɗa a ji suka yanka mata kalanda.

Zuwan lakwal ƙasarmu

A 1903 babban gwamnan Faransa na yammacin Afirka, Ernest Roume, ya sa hannu a kan dokokin da suka tsara makarantun mulkin mallaka: ta ƙauye, ta yanki, ta birni, sai makarantar horon malamai a Senegal wadda daga baya aka sa wa suna William Ponty. Nan Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu. Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Jules Brévié, wanda ya mulki Nijar a waɗannan shekaru, ya zama babban gwamna a 1930, a zamaninsa aka ƙarfafa makarantun karkara masu gona, inda yara suke ɓata lokaci mai yawa suna noma da kiwo. Iyaye da dama ba su ga bambancin wannan da aikin tilas ba. Ana ɗora wa sarakuna su kawo yara, gidaje suna ɓoye nasu, wasu sarakunan su tura ƴaƴan bayi da na talakawa su bar nasu a gida.

Bayan taron Brazzaville na 1944 aka fara daidaita karatun nan da na Faransa, littafi ɗaya, jarrabawa iri ɗaya, takardar shaida iri ɗaya. Mai son ɗansa ya wuce Dakar ko Paris dole shekararsa ta ƙare lokacin da tasu take ƙarewa. Haka kalandar Oktoba zuwa Yuni ta kafu. Hatta madarasar Say, ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci, da aka buɗe a 1957, tun da ta gwamnati ce wannan lissafi ta bi, kuma madarasun da suka biyo bayanta haka suke har gobe.

Ranar 3 ga Agusta 1960 da aka samu ƴancin kai, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Saboda haka kalandar ba ta dami kowa ba sai ƴan gidaje kaɗan. Yau kuwa ana maganar yara sama da miliyan 4. Abin da ya kasance tsarin ƴaƴan ma'aikata ya zama agogon kusan kowane gida.

Me ya sa ba a canza ba?

Faransa ta koma Satumba, mu muka tsaya a Oktoba, kuma ba don rashin lura ba ne. Wani dace aka yi: hutun da aka yanka don alkama da inabi ya faɗo daidai kan damanarmu. Ruwa yana sauka daga Yuni zuwa Satumba, hatsi yana nuna a Satumba. Yaro ya samu ya yi cira da noman fari da maimai, ya kori tsuntsu, ya taya ɗaurin dami. Makiyaya ma a wannan lokaci suke hawa arewa da dabbobi, har a yi taron Ingal a Satumba. Da hutun ya faɗa da rani, da tuni an canza shi.

Akwai dalili na biyu mai ɗaci. Dubban azuzuwa a ƙasar nan rumfunan kara da zana ne. Ba a samun karan sai an girbe hatsi, ke nan ko an ce an buɗe ranar 1 ko 2 ga Oktoba, a garuruwa da yawa karatu ba ya kankama sai Nuwamba. Da iskar farkon damana ta taso a Mayu ko Yuni kuma sai ta kwashe rumfar, shekara ta ƙare tun kafin ranar da aka rubuta. A takarda wata tara ne, a ƙasa wani lokaci shida ko bakwai. In aka ƙara yajin aikin malamai da na ɗalibai sai abin ya ƙara raguwa. Kuma ba mu manta da gobarar da ta tashi a irin waɗannan rumfuna ba, a Yamai cikin Afrilu 2021 da Maraɗi cikin Nuwamba na wannan shekara, kowacce ta ci ran yara sama da 20. Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri.

Sannan wani abu ya juye. A Turai hutu a lokacin zafi yake faɗowa. A nan, lokacin da zafi ya fi tsanani, Afrilu da Mayu, ma'auni ya haura 40, shi ne yaro yake zaune ƙarƙashin kwano yana shirin jarrabawa. Hutun ya dace da gona, bai dace da rana ba.

Shekarun baya kaɗan sun nuna cewa kalandar tana motsawa in tilas ta zo. A 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantu a Maris aka buɗe a Yuni. A 2024 ambaliya ta rusa azuzuwa, wasu kuma mutanen da gidajensu suka faɗi suka fake a ciki, gwamnati ta ɗage komawa daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Babban hutu ya zama kusan wata huɗu.

Maƙwabta ma sun gwada

Ƴan'uwanmu na Najeriya da Gana tsarin Ingila suka gada, zango uku da hutu uku, mafi tsawo a wajen Agusta, kuma bai kai namu tsawo ba. Najeriya ta taɓa yin shekarar karatu daga Janairu zuwa Disamba kafin ta koma farawa a Satumba. Gana ta mai da sakandare kyauta a 2017, ɗalibai suka yi yawa azuzuwa suka kasa, a 2018 aka raba su kashi biyu, wasu na aji wasu na gida, suna karɓa-karɓa. Iyaye suka sha wahala, don a gida ɗaya sai a samu yara biyu hutunsu bai haɗu ba. Bayan korona Gana ta buɗe makarantu a Janairu 2021, ta yi ƴan shekaru a kan wannan lissafi, sannan ta koma tsohon lokacinta. Kamaru tana komawa a Satumba. Mai iyali a bakin iyaka, Ƙonni da Illela ko Ɗan Isa da Jibiya, ya san abin da ake nufi: ɗan wa yana hutu, ɗan ƙane yana aji, ko bikin gida ba a iya sa wa rana ɗaya kowa ya halarta.

Abin da hutun ke yi wa gida

A ƙauye hutun taimako ne, wannan ba musu. Gidan da yake da samari uku ƴan lakwal ya san darajar dawowarsu a gandu. Amma lokacin nan ne kuma rumbu yake wayam, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai zo ba, farashi ya hau. Inda ake ciyar da yara a lakwal, da an rufe tukunya ta sauka, a daidai watannin da gida ya fi bukatarta. Lokacin nan ne sauro da masassara suke yawa. Sannan ranar komawa takan riski wake da gyaɗa da dawa a gona, uba ya ce a bari a gama, yaro ya shiga aji a makare da mako uku ko huɗu, ya tarar an wuce shi. Kuɗin kaye da biro da takalmi kuma ana nemansu ne daidai lokacin da sabon hatsi ya faɗi a kasuwa, manomi ya sayar da arha ya saya da tsada bayan wata shida.

A birni damuwar daban take. Uba yana kasuwa ko ofis, uwa tana sana'arta, yara suna gari wata uku babu mai tambayar ina suka yini. Mai hali ya biya kuɗin darasin hutu, ko ya tura su ƙauye wajen kakanni su koyi riƙon hauya su san dangi. Marar hali ya sa wa yaro ido, ko ya ɗora masa talla. Wasu samari a nan suke koyon sana'a mai kyau, ɗinki ko kanikanci ko gyaran waya. Wasu kuma a nan suke haɗuwa da abokan da za su raba su da karatu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar wata uku ba ƙarama ba ce.

Ƴaƴa mata su suka fi ɗaukar nauyin. Yarinya a hutu ita ce mai daka, mai ɗebo ruwa, mai kai fura gona, mai reno. Wasu ana tura su birni aikatau don su tara kuɗin kayan ɗaki. Kuma da kaka ta yi, lokacin da ake komawa aji, lokacin ne ake sa ranar aure. Malaman lakwal da na madarasa sun san wannan sarai: a kira suna a Oktoba, a ce ai wance ba za ta dawo ba. Shawarar ba a watan Oktoba aka yanke ta ba, a cikin hutu aka yanke, lokacin da babu malami a gari da zai ce wa uban ga makin ƴarka, ka duba.

Sai kuma inda kalandar lakwal take cin karo da ta wata. Wanda ya riƙe lissafi zai tuna a 2012 da 2013 azumi a cikin babban hutu ya faɗo, Yuli da Agusta, yara suka samu tafsiri da tarawihi ba tare da tunanin aji ba, ko da yake da bakin azumi aka yi noma. A 2014 babbar salla ta zo a makon farko na Oktoba, a 2015 a ƙarshen Satumba, magidanta suka haɗu da kuɗin rago da kuɗin komawa lakwal a aljihu ɗaya. A 2017 da 2018 azumi ya zo Mayu da Yuni, ga zafi ga shirin jarrabawa. Yanzu ya gangaro Fabrairu da Maris, tsakiyar shekarar karatu. Kakanninmu ba su san wannan karo ba, don makarantarsu da wata take tafiya. Mu kuwa kowace shekara da irin nata haɗuwar, kuma ana iya sanin ta tun da wuri in an duba.

Mantuwa

Abin da ya fi shafar ɗalibi kai tsaye shi ne mantuwa. A 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan dogon hutu, suka ga yara suna dawowa sun yi asarar kamar karatun wata ɗaya, kuma lissafi ya fi zubewa. A wajen karatun littafi, ƴaƴan masu hali ba su cika ja da baya ba, ƴaƴan talakawa ne suke ja. Wannan a ƙasar da hutu bai kai namu ba, kuma yaro da harshen da ake koya masa yake magana a gida. To ina ga yaron da ya bar Faransanci a ƙofar aji ranar ƙarshe ta Yuni, bai sake jin sa ba sai Oktoba ko Nuwamba?

Mu almajirai ba sai an kawo mana bincike daga nesa ba. Kowane mahaddaci ya san abin da mako biyu ba tilawa yake yi wa hadda, kuma hadisin da ya kwatanta mai riƙe da Alƙur'ani da mai raƙumi a ɗaure sananne ne ga kowa. Shi ya sa tsangaya ba ta taɓa sanin hutun wata uku ba. Abin lura shi ne, yanzu da yawancin yaranmu suke haɗa lakwal da allo, babban hutu ya zama kakar makarantun allo da islamiyyu a birane. Yaron da duk shekara sai da magariba ko Asabar da Lahadi yake samun zuwa, a hutu yana iya zama safe da yamma. Hizbin da bai samu ba a wata tara yakan same shi a wata uku. Tsohon tsari ya juye ke nan: da, rani ne lokacin allo, yanzu ga ɗan birni damana ce.

Abin da ke hannunmu

Masu nazarin ilimi suna kawo shawarwari: a rage babban hutu a ƙara na lokacin zafi, ko a bar kowace jiha ta daidaita ranakunta da nomanta da kiwonta, ko a gina azuzuwa na ƙwarai don wata taran nan su cika. Kowace da tsadarta, don in an ja karatu cikin Yuli, rumfar kara ba za ta tare ruwa ba, kuma manomi zai janye ɗansa ko an yarda ko ba a yarda ba. Wannan aikin hukuma ne. Amma tarihin da muka bi ya nuna kalandar nan mutane ne suka yanka ta, an sha canza ta a ƙasar da ta fito, don haka iyaye suna da hakkin faɗin ra'ayinsu a kwamitin kula da lakwal, ba roƙo suke ba.

Kafin nan, akwai abin da gida da masallaci za su iya. A adana zana da itacen rumfa tun ranar rufewa, ko a yi gayya tun Satumba, kada a jira Nuwamba. Uba ya zauna da malamin allo a farkon hutu su yanka wa yaro inda zai kai, kamar yadda magabata suke daidaitawa tsakanin malami da iyaye. Ɗaliban kwaleji da na lise da suke zaune a unguwa su riƙa tara ƙannensu awa ɗaya bayan la'asar, a buɗe kaye a yi lissafi a yi karatu, ko a harabar masallaci ne. A duba kalandar wata tun yanzu a ga inda salla za ta haɗu da komawa, a fara ajiya. Kuma kowane gida da yake da yarinya mai ƙoƙari, a yanke maganar komawarta tun ranar da aka ba ta sakamako, kafin kaka ta zo da nata shawarwarin.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a karatunsu da nomansu.